Duwatsu biyu daga adakar Baba: murjani ne ko mene ne?

Baban Hajara, Nima:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu sanin abin. Shekaranjiya muka buɗe adakar mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, bayan sadakar arba'in. A ƙarƙashin rigunansa da tsofaffin takardun cinikin goro sai ga gwangwanin madara, a ciki duwatsu biyu. Na farko bai kai dunƙulen hannu ba, launinsa toka-toka mai ɗan rawaya, kuma yana da nauyi. Fuskarsa duk ƙananan ɗakuna ne manne da juna kamar saƙar zuma. In ka kawo ido kusa, kowane ɗaki yana da layuka sirara da suka taso daga gefe suka nufi tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke. Na biyu falle ne kamar guntun allo, a jikinsa akwai baƙin reshe mai ganye ƙanana, ka rantse ganyen tsamiya aka manna. Ga hotunan nan na saka. Innarmu ta ce tana jin kamar a bakin teku ya tsince su. Wani a unguwar Tudu ya taya su sidi 400, ban sallama ba, domin zuciyata ba ta kwanta ba.

Hajiya Maman Sadiku:
Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗana, kada ka yi gaggawar sayar da abin da tsoho ya ɓoye ƙarƙashin kayansa. Mutanen da ba sa ajiye abu a banza.

Malama Ta Madina:
Allah ya gafarta masa. Yaya, na ƙara girman hoton na farko na duba sosai. Wannan murjani ne da ya zama dutse. Kowane ɗaki da ka gani, gidan wata 'yar ƙaramar dabba ce ta teku mai laushin jiki, ita ta gina shi da farar ƙasa da ta tsotsa daga ruwa. Layukan nan masu kama da wayoyin keke, bangaye ne da take kafawa a ƙarƙashin jikinta. Dubbai suke zama wuri ɗaya, iyaye su mutu 'ya'ya su ɗora gini a kansu.

Alhaji Mai Tsakiya:
'Yata, da girmamawa ga karatunki, amma a nan ban yarda ba. Shekara arba'in ina sayar da tsakiya da murjani, tun ina bin mahaifina Salaga da Kumasi. Murjani ja ne jawur, mai santsi, in ka ɗora a kunci ka ji sanyi. Shi ake sa wa amare, shi sarakunan Bini suke ratayawa har wuya ya cika. Wannan abu mai ramuka ko kyauta aka kawo mini ba zan kira shi murjani ba.

Malama Ta Madina:
Baba Alhaji, ba ka yi kuskure a kan naka ba. Jan murjanin da ka sani yawancinsa daga tekun Bahar Rum ake ciro shi, yana tsiro kamar reshen itace, a yanka a goge a huda. Amma dangin suna da yawa ƙwarai, kamar yadda gero da dawa da maiwa duk hatsi ne. Masu gina tudu a ƙarƙashin teku yawancinsu ƙashinsu fari ne mai ramuka. Hausa ba ta raba musu suna ba domin ja kaɗai fatake suka kawo mana.

Alhaji Mai Tsakiya:
To, in dangi ne na ji. Amma a rubuta cewa ba na ado ba ne, kada wani ya ɗauka ya je ya cuci amarya.

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Ni a kan na biyu zan yi magana, kuma Yaya ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba ganye ba ne. Aikina haƙar rijiyar burtsatse, kafin nan na yi shekara shida a wurin fasa dutse. Irin wannan zanen muna ganinsa kullum idan dutse ya tsage ta inda ruwa ya taɓa bi. Ranar da na fara gani na ɗauka gida na ajiye a kan talabijin, ina nuna wa baƙi ganyen zamanin Annabi Nuhu. Injiniyanmu ne ya ce mini manganis ne, wani baƙin ma'adini. Ruwa mai ɗauke da shi yana kutsawa cikin tsagar, ya bushe, baƙin ya bazu reshe-reshe. Ai Ghana muna da manganis har ana haƙarsa a Nsuta.

Baban Hajara, Nima:
Haba ƙanena. Ka duba hoton da kyau fa. Ga kara a tsakiya, ga rassa hagu da dama. Ruwa ne zai zana wannan?

Malama Ta Madina:
Yaya, gaskiyar Ɗan Aboabo ce, ko da yake na san ba daɗin ji. Ga yadda za ka tabbatar da kanka. Sami gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Ganye na gaske yana da baki, wato iyakar da ta zagaye shi, yana da jijiya babba da ƙanana da suka fita daga gare ta bisa tsari, kuma ganyen hagu da na dama kusan girmansu ɗaya. Shafa da yatsa, sau da yawa za ka ji ya ɗan lotsa ko ya ɗan taso, wani lokaci da baƙin gawayi da ke kankaruwa. Na manganis kuwa shafe yake kamar tawada, reshe yana haifar reshe, shi ma yana haifar wani, har ya ƙanƙance ya ɓace, babu ganye ko ɗaya mai cikakkiyar siffa. Kuma kusan kullum daga bakin tsaga yake farawa. Duba naka, ina kyautata zaton gindin reshen yana daidai gefen da dutsen ya karye.

Baban Hajara, Nima:
Na aro gilashi wurin maƙwabcina. Haka ne. Daga gefe ya fara, kuma babu jijiya. Raina ya ɗan ɓaci, domin shi na fi so a cikin biyun.

Hajiya Maman Sadiku:
Ka ci gaba da sonsa mana. Hannun mahaifinka ya riƙe shi.

Ɗalibi, Asawase:
Malama, to a Ghana ba a samun ganyen gaske da ya zama dutse ke nan? Ina so in fara tarawa, amma duk inda na duba a Kumasi babu komai.

Malama Ta Madina:
Ƙanena, ba laifin idonka ba ne, laifin wurin ne. Duwatsun da Kumasi take zaune a kansu, waɗanda zinariyar Obuwasi take ciki, sun haura shekara biliyan 2. Lokacin babu itace, babu kifi, babu katantanwa, sai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Bayan haka zafi da matsi sun dafa su. Ko shekara goma ka yi kana fasawa ba za ka ga ganye ba.

Inda ake nema shi ne dutsen da asalinsa laka ce ko yashi da ya kwanta a ruwa falle bisa falle. Irinsa yana nan Ankara, babban birnin Ghana, ƙarƙashin tsohon gari, daga wajen Jamestown zuwa Osu, yana leƙowa a gaɓar teku. Na zamanin da masana suke kira Devonian ne, wanda ya fara shekara miliyan 419 da suka wuce ya ƙare a miliyan 359. A cikin lakar da ta daskare an samu bawon halittun teku masu kama da makankari, da katantanwa, da wata dabba mai jiki gaɓa-gaɓa kamar kyankyaso da ake kira tirilobayit, wadda ta ƙare a duniya gaba ɗaya. Tun zamanin Albert Kitson, wanda ya kafa hukumar binciken ƙasa ta Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, a 1913, aka san da su. Sai kuma gaɓar Sekondi da Takoradi, inda akwai baƙin dutsen laka mai ɗauke da burbushin tsirrai, har da ƙurar irinsu da sai an sa a madubin ɗakin bincike ake gani.

In Allah ya kai ka can, kada ka sa ran ganye irin na mangwaro. Itatuwan wancan zamani dabam suke. Akwai wanda ɓawonsa yake da zane kamar saɓar maciji ko sawun tayar mota, kowane tabo gurbin ganyen da ya faɗi ne. Akwai mai gaɓoɓi da layuka a tsaye kamar gora. Masu fure ba su zo ba sai can baya da nisa.

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Ɗalibi, kusa da mu akwai tafkin Bosumtwi. Dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin, kimanin shekara miliyan ɗaya da suka wuce, faɗinsa ya ɗan haura kilomita 10. A jikin tuddan da suka kewaye shi, sama da inda ruwa yake yanzu, an samu burbushin kifi a cikin tsohuwar laka, alamar ruwan ya taɓa kaiwa can. Kuɗin turoturo kaɗai zai ci maka.

Baban Hajara, Nima:
To Malama, tunda Ankara tana da irin wannan dutse, maganar Inna ta tabbata ke nan? A bakin teku Baba ya tsinci murjanin?

Malama Ta Madina:
Nan ne nake da shakka. Duwatsun Ankara ba da murjani aka san su ba. A wancan zamani wannan yanki namu yana can kudu sosai, ruwansa da sanyi da laka, shi kuwa murjani mai gina gida da yawa ruwan ɗumi garau yake so. In na Devonian ne, na fi zaton daga Maroko ya fito, wajen Erfoud, inda tsohon teku ya bar murjani da tirilobayit birjik a cikin hamada, mutanen garin ma sana'arsu ke nan, su haƙo su goge su sayar. Wata hanyar kuma, ya zama na tekun yanzu ne da tarun masunta ya jawo. Amma wannan yakan zama fari, marar nauyi, ramukansa a buɗe. Ka ce naka yana da nauyi. Yi mini abu biyu. Ɗiga masa ruwan lemun tsami a bayansa, ba a fuska ba, ka kasa kunne. Sannan ka zaɓi ɗaki ɗaya mai kyau ka ƙirga layukan.

Baban Hajara, Nima:
Na ɗiga. Ya yi ƙananan kumfa, har da 'yar ƙara kamar an buɗe lemun kwalba daga nesa. Ramukan a cike suke, ba a buɗe ba. Layuka kuwa ni da Hajara muka ƙirga sau uku da bakin allura: dogaye 12 da suka kai tsakiya, gajeru 12 a tsakaninsu.

Malama Ta Madina:
Kumfa ta nuna har yanzu farar ƙasa ce, bai rikiɗe ya zama dutsen ƙanƙara ba. Wanke wurin da ruwa yanzu. Lissafin nan naka kuma ya sa na dakata. Murjanin zamanin da, irin na Devonian, wanda ya ƙare tare da mafi yawan halittun teku shekara miliyan 252 da suka wuce, yana ƙara bangayensa ne a wurare huɗu, har in ka lura sai ka ga ɗakin yana da hagu da dama. Wanda ya gaje shi, dangin na yanzu, shida-shida yake tafiya: 6, 12, 24, 48. Naka 12 da 12 ne. Wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin na da ma yakan faɗo kan adadin, sai an yanka siriri an duba. Amma na fara janye maganar Maroko.

Mai Shayi, Mamobi:
Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina jinjina kai. Miliyan 400, biliyan 2. Wa yake nan ya ƙirga? Mu dai mun san ruwan Ɗufana ya rufe duniya, shi ya bar kayan teku a kan tudu. Sauran duk zancen Turawa ne. Allah ya gafarta Malam, ka sa baki.

Malam Na Sabon Zango:
Ɗan'uwa, a yi hattara da jingina wa addini abin da bai faɗa ba. Alƙur'ani bai ba mu adadin shekarun duniya ba. Abin da ya ce a Suratul Ankabut, aya ta 20, shi ne a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah ya fara halitta. Murjani ma da sunansa ya zo a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u, cikin ni'imomin da ake ciro mana daga teku. Kuma duban irin waɗannan duwatsu ba Turawa suka fara ba. Ibn Sina ya yi bayanin yadda dabba da tsiro suke zama dutse a cikin Kitabus Shifa. Al-Biruni ya dubi ƙasar Indiya da duwatsunta ya ce wurin teku ne da laka ta cike. Shekara wajen dubu ke nan. Adadin da masana suke faɗa ijtihadinsu ne da awonsu, mai ilimin ya karɓa ko ya gyara. Ni ba fannina ba ne, ba zan ƙaryata abin da ban auna ba.

Mai Shayi, Mamobi:
Na ji Malam. Amma har yanzu ina son a gaya mini da me aka auna.

Malama Ta Madina:
Tambayarka a kan hanya take. A tsakanin fallayen dutse akan samu tokar aman wuta, a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit. Yuraniyom yana rikiɗa ya koma darma a hankali bisa ƙa'idar da ba ta canzawa, rabinsa yakan juye cikin shekara biliyan 4.5. In an auna nawa ya rage, nawa ya juye, sai a san yaushe tokar ta zuba. Abin da ke ƙarƙashinta ya girme ta, na samanta ƙaninta ne.

Amma bari in ba ka wanda ya fi taɓa zuciyata, domin murjanin da kansa ne ya riƙe lissafi. Yana ƙara siririn layi ɗaya a jikinsa kowace rana, kuma damina da rani suna barin babbar alama ta shekara. A 1963 wani masani a Amurka, John Wells, ya ƙirga layukan kwana da ke cikin shekara guda a jikin murjanin Devonian, ya samu kusan 400, ba 365 ba. Wato a lokacin duniya ta fi saurin juyawa, yini da dare wajen awa 22 ne. Masu ilimin taurari kuma ta nasu lissafin sun riga sun ce jan da wata yake yi wa teku yana rage wa duniya gudu sannu a hankali. Hanya biyu da ba su haɗa komai ba suka fito gida ɗaya. Duk shekara in na zo nan a aji sai na ga yara sun yi tsit.

Mai Shayi, Mamobi:
Subhanallah. Ban ce na gamsu duka ba, amma wannan na kwanakin zan yi tunani a kai.

Ɗan Agadas, Tudu:
Ku ba ni dama in ce wani abu a kan sayarwa. A wajenmu kudu da Agadas, gefen Tigidit, akwai kututturan itatuwa kwance a ƙasa sun zama dutse, da ɓawonsu da gurbin rassansu. Ina yaro muna zama a kansu mu sha shayi. Baƙi suka riƙa zuwa suna saye guntu-guntu, mu kuma muna murna da 'yan kuɗin. Da na koma bara, wurin da na sani ya zama fili. Yaya, sidi 400 kwana nawa za ta yi maka? Wanda ya taya bai taya don Allah ba.

Alhaji Mai Tsakiya:
A nan kam ina bayanka. Ɗan kasuwa ba ya taya abu sai ya hango riba ninki.

Malama Ta Madina:
Ni abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Dutse irin wannan rabin darajarsa tana ga sanin inda aka ɗauke shi. A wata makaranta da na taɓa koyarwa na tarar da akwati cike da burbushin teku da wani tsohon malami ya tara shekara da shekaru, kowanne da 'yar takardarsa. Aka zo fenti lokacin hutu, aka juye su cikin bokiti ɗaya, aka share takardun aka ƙona. Na zauna a ƙasa ina juya su ɗaya bayan ɗaya, ga su kyawawa, amma ba wanda zai iya cewa wannan na Takoradi ne ko na Osu. Har yau abin yana ci mini rai. Don haka Ɗalibi, kafin ka sayi guduma sayi littafi da biro. Rubuta wuri, da rana, da fallen da ka ciro shi, ka ɗauki hotonsa yana kwance kafin ka taɓa. Naɗe kowanne dabam. Kada ka shafa masa mai ko fenti don ya yi ƙyalli. A bakin teku kuma ka je lokacin da ruwa ya janye, kada ka tsaya ƙarƙashin gaɓar da ta rarake, kuma kada ka je kai kaɗai.

Baban Hajara, Nima:
Jama'a, maganar takarda da Malama ta yi ta tuna mini abu. Da muka buɗe gwangwanin akwai wata tsohuwar takarda da ta yi ja, da rubutun ajami, a naɗe a jikin mai saƙar zumar. Na ɗauka laya ce, na sa ta cikin Alƙur'anin Baba ban karanta ba. Ga hotonta. Allah ya gafarta Malam, idonka ya fi nawa a ajami.

Malam Na Sabon Zango:
Ba laya ba ce. Tawadar ta kwanta amma ana karantawa. Layi na farko: dutsen Kalambaina. Na biyu: tsarabar kawu. Akwai kalma ta uku da ninki ya cinye.

Hajiya Maman Sadiku:
Allahu akbar. Ba na ce muku ba a banza ya ajiye ba?

Baban Hajara, Nima:
Na karanta wa Inna, sai ta fashe da kuka. Ta ce kakanmu daga ƙasar Sakkwato ya zo Gwanja fataucin goro, kuma Baba ya taɓa zuwa ganin dangi sau ɗaya tak kafin a haife ni. Ta ce na bakin tekun da take tunawa watakila fallen ne.

Malama Ta Madina:
To na janye Maroko gaba ɗaya. Kalambaina tana gefen Sakkwato, inda ake haƙar farar ƙasa ana yin siminti. Dutsen wurin ya kwanta ne a ƙarƙashin wani teku marar zurfi da ya ratso Sahara ya rufe wannan yanki, a zamanin da ya biyo bayan ƙarewar manyan dabbobin nan na dainoso, tsakanin shekara miliyan 66 da 56 da suka wuce. An san shi da bawon katantanwa da bushiyar teku da murjani. Kuma murjanin lokacin ɗan shida-shida ne, daidai da 12 da 12 da kuka ƙirga kai da Hajara. Launin rawaya-rawayan ma ya dace. Saura a tabbatar da ido, ba ta hoto ba. Akwai sashen ilimin ƙasa a jami'ar Legon, za mu iya kai shi a duba mana.

Alhaji Mai Tsakiya:
Teku a Sakkwato. Na kwana a Wurno sau biyu ina saurayi, ruwan alwala ma sai an yi tafiya. Ikon Allah. Ɗana, in kun dawo ka biyo da shi rumfata in riƙe a hannuna.

Ɗalibi, Asawase:
Malama, in na samu hutu na sauko Ankara, za ki nuna mini wurin da dutsen yake leƙowa a bakin teku?

Malama Ta Madina:
In sha Allah. Ka sanar da ni da mako guda don in duba ranar da ruwa zai janye da safe.

Baban Hajara, Nima:
Na kira mutumin Tudu na ce masa ya yi haƙuri. Takardar na sa ta a leda na mayar cikin gwangwanin, na kuma kwafe abin da Malam ya karanta a wata sabuwa da boko. Malama, ranar Laraba da ƙarfe goma a tashar Madina ya yi miki? Hajara ta ce sai an tafi da ita, tunda ita ta riƙe allurar.